Masu zanen duhu: Goya, Redon da wani yaron ajina

Shekara goma sha biyu ke nan da na zalunci wani yaro a aji, kuma sai da na karanta tarihin wasu Turawa masu zane kafin na gane girman abin da na yi. A lokacin ina riƙe da ajin CM1 a wata makarantar ƙauye cikin jihar Maradi. Ranar da aka ware wa zane na ɗauko tulu na aza bisa tebur, na ce kowa ya zana abin da ya gani. Yara suka duƙufa. Shi wannan yaro ya zana tulun daidai, har ya fi na kowa kyau, sai kuma ya sa wani ƙaton ido a bakin tulun yana leƙowa, ya bi duk gefen takardar da fensir ya baƙanta ta har ta yi sheƙi, ta yage a wuri ɗaya. Na ba shi sifiri da jan biro, na ja masa kunne a gaban ƴan'uwansa.

Bayan kwana biyu mahaifinsa ya same ni a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Muka gaisa, ya ce: "Malam, na ga irin abubuwan da yaron nan ke zanawa a gida. Kakarsa ta ce iska ce. Ko dai a nema masa rubutu?" Na ce: "Baba, wasan yara ne, ka bar ni da shi, zan hana shi." Na kuwa hana shi. Har ya bar hannuna ban sake ganin ya zana abin da ban aza masa a gaba ba.

Bayan ƴan shekaru na je Yamai wani taron malamai, na tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya. Na sayi wani marar bango jika ɗaya da rabi don kawai yana da hotuna da yawa. Da dare na buɗe shi, sai ga ido. Ƙwayar ido ce guda, ƙatuwa, ta zama balan-balan irin mai ɗaukar mutane, tana tashi sama bisa wani ruwa mai duhu, gashin idon ya yi tsaye, tana kallon sama, a ƙarƙashinta an rataya faranti da kan mutum a ciki. A ƙasa an rubuta Odilon Redon, 1882. Abin da na ba yaro sifiri a kansa, ga shi an buga a littafi, an ce yana rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Daga wannan dare na fara bin zancen.

Irin wannan aiki shi Faransawa ke kira estampe, ni kuwa zan ce masa zanen bugu. Mai zane yana yin aikinsa a kan katako ko farantin jan ƙarfe ko dutse, a shafa tawada, a aza takarda a matse, zanen ya fito a kanta. Kamar hatimin ofis ne, sai dai hatimi layi kawai yake bugawa. Abu ɗaya ana iya buga shi sau hamsin ko ɗari, don haka ya fi zanen fenti araha, yana kuma shiga gidajen da fenti ba ya shiga. Amma yana da wata ƙunci: yawanci launi biyu ne kacal a hannun mai aiki, baƙin tawada da farin takarda. Rana da wata da fitila, duk farin takardar ne da aka ƙi taɓawa. Wanda ke son fitilarsa ta yi haske, sai ya iya duhun da ke kewaye da ita. Tarihin da zan ba ku tarihin yadda aka koyi sarrafa wannan duhu ne.

Da farko layi kawai ake da shi. A shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a zana da allura, a tsoma shi cikin asid, asid ya ci wuraren da allura ta buɗe, ramukan su riƙe tawada. In ana son inuwa sai a jera layuka kusa da kusa, a gitta wasu a kansu. Rembrandt na ƙasar Holan ya kai wannan dabara inda ba a zata ba. A 1643 ya buga zanen wasu itatuwa uku bisa tudu, hadari na wucewa, rabin ƙasa cikin rana rabi cikin inuwa, kuma a cikin duhun ciyayin da ke ƙasan tudun ya ɓoye mutum biyu waɗanda sai ka daɗe kana kallo za ka gan su. Shekara ɗaya kafin nan, a birnin Amsterdam ɗin dai, wani sojan Jamus mai suna Ludwig von Siegen ya fito da wata hanya da daga baya aka gyara ta ta zama abin da Faransawa ke kira manière noire: a ƙarce farantin gaba ɗaya yadda in an buga shi zai fito baƙi ƙirin, sannan a riƙa gogewa ana fito da haske daga cikin baƙin. Kowane malami ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba, tunda mu ma kullum da farin alli muke fito da magana daga baƙin allo.

Mutumin da ya fara ɗaukar wannan duhu ya zuba mafarki a ciki da gangan shi ne Francisco Goya na Sipaniya, wanda aka haifa a 1746. Mai zanen fadar sarki ne, yana zana sarakuna da matansu ana biyansa da kyau. Tsakanin 1792 da 1793 wata cuta ta kwantar da shi, ya tashi kurma, bai sake jin magana ba har ya mutu. A 1799 ya fitar da jerin zane 80 da ya sa wa suna Los Caprichos. Dabarar da ya yi amfani da ita ana ce mata akwatint: a barbaɗa garin ƙaron itace a kan faranti, a ɗumama shi ya manne, sai asid ya ci tsakanin ƙwayoyin garin. In faranti ya daɗe a asid wurin ya yi baƙi sosai, in an yi saurin cirewa ya yi toka-toka, wurin da aka rufe da mai kuwa ya tsaya fari. Da haka aka samu duhu shimfiɗaɗɗe marar layi, irin na daren da ba wata.

Abin da ya sa nake ganin iyaye da malamai su ne suka fi cancanta su kalli waɗannan zanuka, da mu ya fara. A zane na 3 wata uwa ce zaune da ƴaƴanta biyu, wani abu lulluɓe da mayafi ya tsaya a gabansu, yaran sun firgita. Coco suke kiransa, Dodonsu ke nan, kuma Goya na sukar iyayen da ke renon yara da tsoron abin da babu shi. Hasken duk ya faɗa a bayan mayafin, fuskar abin kuwa ba ka ganinta, kai ma sai ka cika ta da naka tsoron. A na 37 jaki ne ya buɗe littafi yana koya wa ɗan jaki baƙi. Wannan na yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. A na 25 kuwa wata mata ce ta danne yaro tana dukansa da takalmi, ga fasasshen tulu a ƙasa. Tulu dai. Na daɗe a kan wannan shafi.

Wanda ya fi shahara shi ne na 43. Mutum ya kifa kai bisa tebur yana barci, alƙalumansa a gefe, daga bayansa mujiyoyi da jemagu suna tasowa daga cikin duhu, na kusa farare, na nesa sai inuwa, a ƙasa wata dabba mai kama da kyanwar daji ta kwanta idonta buɗe. A jikin teburin akwai ɗan rubutu a kan hankali da dodanni, kuma kalmar da ya zaɓa a harshensu tana nufin barci tana kuma nufin mafarki. Shi ya sa har yau masana ba su daidaita ba: dodanni suna zuwa ne in hankali ya yi barci, ko kuwa shi hankalin ne ke mafarkinsu? Ni dai ina ganin ya san abin da yake yi da ya bar ƙofar a buɗe. An yi tallar zanukan a wata jaridar Madrid ranar 6 ga Fabrairu 1799, ana sayar da su a wani shagon turare da giya. Kwafi 27 kawai aka saya ya janye su. Daga baya ya nuna cewa tsoron kotun coci ne, domin bai bar malaman coci ba a sukarsa. A 1803 ya miƙa wa sarki farantan da kwafi 240 da suka yi kwantai, aka yanka wa ɗansa albashi a madadinsu.

A tsufansa ya yi hijira zuwa Bordo ta Faransa a 1824, can ya rasu a 1828. Kafin rasuwarsa ya rungumi wata sabuwar dabara, wato bugun dutse, litogarafi. Wani Bajamushe marubucin wasan kwaikwayo, Alois Senefelder, shi ya gano ta a birnin Munik wajen 1796 yana neman hanyar buga rubutunsa da araha. Sirrinta abin da kowace mai girki ta sani ne: ruwa da mai ba su haɗuwa. A samu dutsen farar ƙasa mai laushin fuska, a zana a kansa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ruwan ƙaro da ɗan asid, a jiƙa shi, sannan a bi da tawada mai mai. Tawadar ta kama inda aka zana, ta guji inda ruwa yake. Ƙaron nan kuwa na ɗakwara ne, irin wanda yaranmu ke ɓamɓarowa a daji, wanda almajirai ke sa wa tawadar allo. A wancan ƙarni yawancin wanda ake kai wa Turai daga bakin kogin Senegal yake fita, kuma attajiran Bordo suna cikin manyan masu cinikinsa.

Shekara 12 bayan rasuwar Goya, a 1840, aka haifi Redon a wannan gari na Bordo. Yaro ne mai yawan ciwo, aka kai shi wani gidan gona na danginsu mai suna Peyrelebade a yankin Medok, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadamu, ya tashi kusan shi kaɗai a hannun wani tsohon kawunsa. Bai shiga makaranta ba sai yana ɗan shekara 11. Da bakinsa ya ba da labarin cewa yana yaro yana son ɓuya a bayan labule da lungunan ɗaki masu duhu. Da a ajina yake, na san abin da zan rubuta a takardarsa.

Malamai huɗu suka ratsa rayuwarsa, kuma nan ne ni tarihin ya fi taɓa ni. Na farko Stanislas Gorin, malamin zane da ya same shi yana ɗan shekara 15, ya bar shi ya bi abin da ransa ke so. Sannan ya je Paris, ya faɗi jarrabawar shiga sashen gine-gine, ya shiga ajin Jean-Léon Gérôme a 1864, mashahurin mai zane wanda ke son kowane layi ya fita tsaf kamar hoto. Ba su jitu ba ko kaɗan, Redon ya koma gida da karyayyar zuciya. A Bordo ya haɗu da Rodolphe Bresdin, wani matalaucin mai zanen bugu, wanda ya koya masa aikin faranti da asid. Na huɗun ba mai zane ba ne ma. Armand Clavaud masanin tsirrai ne, shi ya sa idon saurayin a madubin ƙara girman ƙananan halittu, ya nuna masa abubuwan da ke rayuwa cikin ɗigon ruwa, waɗanda ba ka iya cewa tsiro ne ko dabba.

Wannan ya gyara mini wani kuskure. Da ina zaton mai zanen mafarki mutum ne da ya rufe ido ya zana abin da ya ga dama. Redon ya bayyana cewa yakan wuni yana kwaikwayon ɗan dutse ko ganyen ciyawa dalla-dalla, sai washegari abubuwan ban mamaki su zo masa. Idon nan da ya zama balan-balan ma yana da asali a duniyar da ya gani. Ya yi aikin soja a yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870, lokacin da aka yi wa Paris ƙawanya har ba hanyar fitar da wasiƙa ko mutum sai ta balan-balan, fiye da 60 suka tashi daga birnin. A 1878 kuma aka kafa wani ƙato a tsakiyar Paris yana ɗaga ƴan kallo sama. Kowa ya ga balan-balan, kowa yana da ido, shi ne ya haɗa su, ya kuma yi wa ƙwayar inuwa da kyau har ka ji tana da nauyi. Tulun yarona ma sai da ya zana shi daidai kafin ya sa masa ido. Wannan ne ban duba ba.

Shekaru da yawa da gawayi yake aiki, yana kiran zanukan nasa baƙaƙensa. Ba mai saye. Wani abokin sana'a, Fantin-Latour, ya nuna masa wata takarda da ake zane a kanta a mayar bisa dutse, sai ya ga hanyar yawaita su. A 1879, yana da shekara 39, ya fitar da jerinsa na farko, Dans le rêve, wato cikin mafarki, zane 10, kwafi 25 kacal. Jerin 1882 ya sadaukar ga marubucin Amurka Edgar Poe, a ciki idon yake. A 1885 ya fitar da zane 6 don girmama Goya. A cikinsu akwai wanda na fi so duka: wani siririn tsiro ya fito daga baƙin ruwan fadama, ya lanƙwasa, a bakinsa maimakon fure sai kan mutum mai baƙin ciki, kuma kan ne fitilar wurin, shi ke haskaka ɗan ruwan da ke ƙarƙashinsa. Babu rana babu wata. Hasken daga cikin abin yake fitowa, kamar yadda yake a mafarki, inda kake ganin fuskar mutum sarai ba ka san daga ina haske ya zo ba. A wajen Rembrandt kana iya nuna inda rana take. A wajen Goya ma yawanci kana iya cewa ga gefen da fitila take. Redon ya cire fitilar.

Yana da gizo-gizo ma, mai ƙafa 10, jiki duk gashi, yana murmushi da haƙora a kusurwar ɗaki. Ya yi shi da gawayi a 1881, ya mayar bisa dutse a 1887. Da na nuna wa ƴan ajina na yanzu, ba wanda ya tsorata. Wata yarinya ta ce: "Malam, Gizo ne, ya ci wa Ƙoƙi abinci." Wani kuma ya ƙirga ƙafafun ya ce mai zanen bai iya lissafi ba.

Sunansa ya fita ne a 1884, da marubuci Huysmans ya sa jarumin wani littafinsa ya rataye zanukan Redon a gidansa. Matasan marubuta masu ra'ayin cewa alama ta fi bayani ƙarfi suka ɗauke shi nasu. Amma rayuwa ba ta sassauta masa ba. Ɗansa na fari ya rasu a 1886 yana da wata shida. Clavaud ya rasu a 1890, shekara ta gaba Redon ya fitar da jerin Songes don tunawa da shi. Zanen ƙarshe a jerin taga ce ake kallo daga cikin ɗaki mai duhu, a waje ga itace cikin hasken rana, a cikin duhun ɗakin kuwa wasu ƴan ƙwayoyi na yawo kamar waɗanda malamin ya nuna masa a ɗigon ruwa. Ban san wata ta'aziyya da ɗalibi ya yi wa malaminsa da ta fi wannan ba.

Daga nan ya fara juyawa. An haifa masa wani ɗa a 1889 wanda ya rayu, aka sayar da gidan Peyrelebade a 1897, bayan 1900 ya bar baƙi gaba ɗaya ya koma zanen furanni da launuka masu haske har ya rasu a 1916. Masu kuɗi sun fi son waɗannan. Ni ban ƙi su ba, amma baƙaƙen nake komawa. Wani gargaɗi ga malamin da zai so ya nuna su a aji: kada ka yi musu fotokopi. Na gwada. Injin yana mayar da baƙi iri biyar ya zama iri ɗaya, fadamar ta zama tabon tawada. Gara ka nemo su a waya ka zagaya da ita layi-layi, ka rufe taga ɗaya.

Yanzu in ranar zane ta zo, wani lokaci nakan sa kowa ya zo da gawayi daga murhun gidansu. Mu shafe takarda ta yi baƙi, sannan a ɗauki gom a fito da haske. Tulun nan dai nake azawa, kusa da ƙofa, in ce su fara da gefen da rana ta taɓa. Wanda ya gama tulunsa daidai, sauran duhun nasa ne, ya sa abin da ya ga dama. Iyaye mata suna ƙorafin riguna, suna da gaskiya.

Bara na haɗu da yaron nan a Maradi, ya zama saurayi, yana gyaran waya a wata rumfa kusa da kasuwa. Shi ya gane ni, ya taso ya gaishe ni har ƙasa. Na ce ko ya tuna da tulu, ya yi dariya ya ce: "Malam, kunnen dai na tuna." Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya sunkuyar da kai don kunya. Sai na buɗe masa idon Redon a wayata. Ya karɓa, ya ƙara girman hoton da yatsu biyu, ya tafi can gefen ƙwayar inda ta fi duhu, ya tsaya. Ya ce: "Malam, da me ya yi baƙin nan bai yi sheƙi ba? Ni nawa in na danna sai takardar ta yage." Na fara yi masa bayanin dutse da ƙaro da ruwa, ban kai rabi ba wata mata ta zo da wayar da ta faɗa cikin miya, ya miƙo mini tawa ya jawo akwatin kayan aikinsa.